Mai talasimiya da juna biyu: tambayoyin da ake yi a Kano da amsoshinsu

A Kano in aka ce ciwon jini na gado, hankalin kowa kan sikila yake tafiya. Amma akwai wata cutar da ba a cika jin sunanta a nan ba, wato talasimiya. A cikin masu fama da nau'inta mai tsanani akwai 'yan matan da aka raina da ledar jini tun suna goye, yau ga shi sun isa aure, wasu ma suna ɗakunansu. Tambayoyin da ke ƙasa irin waɗanda su da mazajensu da iyayensu suke yi ne. Amsoshin ba za su tsaya a madadin likitan jinin da ya san fayil ɗinki ba, amma za su sa ki shiga wurinsa kin san abin da za ki tambaya.

Wace irin cuta ce, kuma me ya raba ta da sikila?

Dukansu biyu matsalar himoglobin ce, sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jini wanda yake ɗaukar iskar da muke shaƙa ya rarraba ta a jiki. Mai sikila jikinta yana ƙera himoglobin, sai dai gurɓatacce ne, yana lanƙwasa ƙwayar jini ta toshe ƙananan jijiyoyi, shi ne ciwon ƙashin da aka san su da shi. Mai talasimiya mai tsanani kuwa ɓargonta ba ya iya ƙera wani sashe na himoglobin ɗin da ake kira bita, in ma ya ƙera to ɗan kaɗan ne. Sai ƙwayoyin jinin su riƙa mutuwa tun suna cikin ɓargo. Jaririn yakan zo lafiya ƙalau domin da irin jinin da ya taho da shi daga ciki yake amfani. Daga wata 6 zuwa shekara 2 sai a ga ya ɗashe, ba ya girma, ciki ya kumbura saboda saifa da hanta. Daga nan rayuwa ta koma ƙarin jini, galibi duk bayan sati 3 ko 4.

Wani likitan yara a Amurka, Thomas Cooley, shi ya fara bayyana cutar a 1925. Ta fi yawa a Italiya, Girka, Sayifurus, ƙasashen Larabawa, Iran, Pakistan, Indiya da kudu maso gabashin Asiya. A ƙasar Hausa nau'i mai tsanani ba shi da yawa, amma akwai ƙwayar gadonta a Afirka ta Yamma, kuma Kano gari ne da ya daɗe da Larabawa da Kwarori da Indiyawa, an yi auratayya. Ƙarancin masu ita shi ne babbar matsalarsu, don ma'aikaciyar asibiti za ta iya yin shekara da shekaru tana awo ba ta taɓa cin karo da ko ɗaya ba.

Ashe mai wannan larura tana iya haihuwa?

Tana iya, da yardar Allah. A da ba a ma tayar da maganar, domin yawancin yaran da ake yi wa ƙarin jini ba sa wuce shekarun samartaka. Tun daga 1969 da aka fara ba da rahoton wata da ta haihu, mata ɗaruruwa a ƙasashe daban-daban sun sauka lafiya sun rungumi 'ya'yansu. Abin da ya sauya lamarin shi ne magungunan fitar da ƙarfe daga jiki. Sai dai ciki ne da ake sa wa ido ƙwarai, kuma yawancin aikin kafin a ɗauke shi ake yi. Tun ran gini ran zane.

Me ya kawo maganar ƙarfe, alhali ƙarancin jini ne yake damuna?

Kowace ledar jini tana ɗauke da sinadarin ƙarfe miligiram 200 zuwa 250. Jikin ɗan Adam kuwa ba shi da ƙofar fitar da shi, abin da yake zubarwa a rana bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Wadda ake sa wa leda biyu duk wata, kafin shekara ta zagayo ta tara giram 5 zuwa 6, alhali lafiyayyen mutum duk abin da ke jikinsa giram 3 zuwa 4 ne. Rarar sai ta kwanta a hanta, da zuciya, da gaɓar da ke samar da insulin, da ƙululun tayirod na maƙogwaro, da wani ɗan ƙululu a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa mai suna fitutari.

A cikin waɗannan duka zuciya ce abin tsoro. Mai ciki jinin da ke zagaya jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi, zuciya kuma dole ta harba shi dare da rana. A daidai wannan lokacin ne ake dakatar da maganin fitar da ƙarfe, ake kuma ƙara yawan ledojin jini. In zuciyar dama tana ɗauke da ƙarfe, kamar jakin da ke ɗingishi ne aka ƙara masa mangala. Kuma abin ban tsoro, ƙarfe zai iya cika zuciya mace tana harkokinta ba ta jin komai, sai ranar da bugun ya rikice.

Jinin al'ada bai taɓa zo mini ba sai da magani. Ke nan ba ni da rabo?

Ba haka ba ne. Ƙululun fitutari shi yake aika wa ƙwan mace saƙon ya nuna ya fito, kuma yana cikin gaɓoɓin da ƙarfe yake fara lalatawa. A wurin mata da yawa ƙwan lafiyarsa lau, mahaifa ma haka, saƙon ne ba ya zuwa. Likitan mata yana iya maye gurbin saƙon da allurai na musamman, yana bin girman ƙwan da hoto har ya nuna. Ƙwayoyin da ake saya a kemis da sunan maganin haihuwa galibi ba sa aiki a wannan matsalar, domin su fitutarin suke zaburarwa, shi kuwa shi ne ya gaza. Alluran suna iya kawo tagwaye ko 'yan uku, wanda nauyi ne babba a kan zuciyarki, don haka ba a fara su sai likitan jini da na zuciya sun sa hannu.

Wadda kuma aka kula da ƙarfenta tun tana ƙarama, al'adarta tana zuwa daidai, ciki zai iya shiga ba shiri. Ita ta fi bukatar ta tayar da maganar tun ana batun sa rana.

Waɗanne gwaje-gwaje ya kamata a yi kafin ciki?

Ƙa'idojin da kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Birtaniya ta fitar a 2014 su ne likitoci da yawa suka daɗe suna bi, kuma da zuciya suka fi damuwa. Ana yin gwajin bugun zuciya da hoton zuciya na eko, sannan wani hoton MRI na musamman da ake kira T2* wanda yake auna ƙarfen da ke cikin tsokar zuciya. A wannan gwajin babbar lamba ita ce alheri. Sama da 20 ake so. Tsakanin 10 da 20 akwai ƙarfe, a yi hattara. Ƙasa da 10 kuwa haɗari ne na gaske, kuma shawarar da ta dace ita ce a jinkirta ciki a dage da magani, ko da zai ɗauki shekara ko fiye. Na san wannan jinkirin yana da ɗaci ga amaryar da dangin miji suka fara ƙirga mata watanni, amma ina ganin a nan ne miji nagari yake nuna kansa, ya tare mata surutun. Ba kowace na'urar MRI ce take da manhajar wannan awon ba, ki tambayi likitanki inda za a yi shi ko da sai an yi tafiya.

Ita ma hanta ana auna ƙarfenta, ana son ya kasance ƙasa da miligiram 7 a kowane giram na busasshen nauyinta. A duba matsarmama ko akwai tsakuwa, don ta yi yawa ga masu wannan larura kuma ciki yana tayar da ita. Gwajin feritin na jini, mai nuna yawan ƙarfen da ya taru a jiki, shi ne wanda aka fi samu, kuma ana son a gan shi ƙasa da 1,000, sai dai shi kaɗai ba ya faɗin gaskiyar abin da ke zuciya, kuma zazzaɓi ko ciwon hanta suna iya ɗaga shi.

Sai ciwon siga. A nan akwai tarko: gwajin HbA1c da ake yi wa sauran masu siga ba abin dogaro ba ne gare ki, saboda jinin da ke jikinki na wasu ne. Gwajin furuktosamin ake amfani da shi. A duba tayirod, da bitamin D, da ƙarfin ƙashi, da ciwon hanta na B da C, da ƙanjamau, a yi rigakafin ciwon hanta na B in ba a yi ba. A kuma binciki jininki ko ya ƙera ƙwayoyin garkuwa masu yaƙar jinin wasu, abin da yake faruwa ga wadda ta sha karɓar jini. Waɗannan ƙwayoyin suna wahalar da samun jinin da ya dace da ke, wasunsu kuma suna ratsa mabiyiya su farfasa jinin jariri.

Ni ne mijin. Na yi jinotayif kafin aure, an ce AA ne. Ba shi ke nan ba?

Malam, ba shi ke nan ba, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a kan lafiyar 'ya'yanka. Dokar gwaji kafin aure da Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa wa hannu a 2024 ci gaba ce babba, amma gwajin jinotayif da aka saba yi a yawancin ɗakunan gwaji S da C, nau'o'in himoglobin masu kawo sikila, yake farauta. Mai ɗauke da ƙwayar talasimiya guda ɗaya takardarsa AA takan nuna, ya tafi yana murna. Abin da zai tona shi gwaji biyu ne. Na farko ƙidayar jini cikakkiya, a duba girman jajayen ƙwayoyin: MCV ƙasa da 80 ko MCH ƙasa da 27 alama ce. Na biyu gwajin HPLC da ke auna wani ɗan kason himoglobin mai suna A2, in ya haura kashi 3.5 cikin ɗari to akwai magana. Ka ambaci sunan gwajin da bakinka a ɗakin gwaji, kada ka ce jinotayif kawai.

Ita ma matarka takardarta za ta iya ruɗar mutane. In aka ɗebi jininta bayan ƙarin jini, jinin wanda ya ba ta ake aunawa, sai sakamako ya fito AA. Kada wani ya riƙe wannan takardar ya ce ai ta warke.

Ga yadda lissafin yake. Matarka ƙwayar gadon talasimiya biyu gare ta, don haka kowane ɗa da za ta haifa sai ya ɗauki ɗaya, wannan babu makawa. Saura daga wurinka ne. In kai AA ne na gaske, A2 ɗinka daidai, 'ya'yanku duka masu ɗauke da ƙwayar ne kawai, lafiyarsu ƙalau, sai dai a sanar da su in sun tashi aure. In kana ɗauke da ƙwayar talasimiya, kowane ciki rabi da rabi ne ɗan ya zo da irin larurar mahaifiyarsa. In kuma AS ne kai, wanda a Najeriya kusan mutum ɗaya cikin huɗu haka yake, kowane ciki rabi da rabi ne ɗan ya haɗa S da talasimiya, wannan kuwa sikila ce, da ciwon ƙashinta da komai. A Kano wannan haɗuwar ta fi kusa da mu nesa ba kusa ba, kuma mutane da yawa ba su san da ita ba. In SS ne kai, duk 'ya'yan haka za su zo. Rabi da rabin nan a kan kowane ciki yake sabo, don na fari ya zo da ita ba ya nufin na biyu ya tsira.

Wanda zai yi auren zumunci a dangin da aka san akwai cutar, gwajin nan ya fi zama dole a kansa, don ƙwayar da ke jikin kawunta ko gwaggonta tana iya kasancewa a jikinsa. Saudiyya tun 2004 ta wajabta gwajin sikila da na talasimiya tare kafin aure.

Gwaji ya nuna akwai haɗari, ga shi mun riga mun yi aure. Ina mafita?

Ku zauna da likitan jini ku biyu, ya zayyana muku irin rayuwar da ɗan zai iya fuskanta. Wasu ma'auratan suna zaɓar haɗa ƙwai da maniyyinsu a ɗakin gwaji, a auna 'yan tayin tun kafin a dasa, a mayar da wanda bai ɗauki cutar ba. Ana yin wannan a wasu cibiyoyi a Legas da Abuja, kuɗinsa miliyoyi ne. Ana kuma iya gwada ɗan da ke ciki ta hanyar ɗibar ɗan yankin mabiyiya a sati na 11 zuwa 14, ko ruwan mahaifa daga sati na 15. Abin da za a yi da sakamakon kuwa ya shafi addini da doka. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1990 cewa in amintattun likitoci suka tabbatar da nakasa mai muni marar magani, ana iya zubar da ciki kafin kwana 120. Malaman Malikiyya sun fi tsanantawa a wannan babin, dokar Najeriya kuma ba ta yarda ba sai don ceton ran uwa. Ko sanin kaɗai yana da amfani, domin jaririn da aka san halinsa tun a ciki ba za a yi ta yawon neman maganin shawara da shi ba.

Ya zan yi da magungunana?

Magungunan fitar da ƙarfe waɗanda ake sha, wato Exjade ko Jadenu da Ferriprox, ana ajiye su wata 3 kafin a nemi ciki, saboda gudun illa ga ɗan tayi. A wannan tsakanin ana komawa Desferal, allurar fitar da ƙarfen nan da wani ɗan inji yake turawa ƙarƙashin fata awa 8 zuwa 12, domin ita ba ta daɗewa a jiki. Da ciki ya shiga ita ma a tsaya, watanni ukun farko ba a amfani da ko ɗaya. Daga sati na 20 likita zai iya dawo da Desferal kaɗan-kaɗan ga wadda zuciyarta ko hantarta take da ƙarfe da yawa. In ciki ya shiga kina kan na sha, ki dakata ki je asibiti a ranar, kada ki jira ranar da aka rubuta miki.

Magungunan ƙarfafa ƙashi da wasu magungunan hawan jini su ma ana sauya su tun kafin ciki. Folik asid kuwa miligiram 5 kullum, a fara wata 3 kafin ciki. Ki tattara duk abin da kike sha a leda, har na gargajiya, ki zube a gaban likita.

A wurin awo ana ba kowa jan ƙwayar ƙarin jini. In sha?

A'a. Kada ki sha. Ki hango layin awo da safe, mata sun cika benci, ana auna nauyi da hawan jini, a ƙarshe kowa a miƙa mata ƙullin ƙwayoyi, ja da 'yar rawaya. Jar, Fersolate, ƙarfe ce zalla. Ga maƙwabciyarki a benci alheri ce, gare ki guba ce a hankali. Ma'aikaciyar da ta ga idonki ya yi fari, ta ga PCV ɗinki, wato awon yawan jini, a ƙasa, za ta ma iya cewa ki riƙa shan biyu, kuma da kyakkyawar niyya ta faɗa. Saboda haka ki sa likitan jini ya rubuta da babban baƙi a kan katin awonki cewa ba a ba ki ƙarfe, ki kuma faɗa da bakinki duk zuwa. Haka magungunan ruwa na ƙarin jini da 'yan'uwa suke kawowa dubiya, da haɗin bitamin na masu ciki irin su Pregnacare. Duk kwalin da kika ga an rubuta Fe ko ferrous ko iron a jikinsa, ki ajiye. Bitamin C ma kada ki sha da kanki, yana ƙara wa hanji jan ƙarfe.

Abinci ba sai kin takura wa kanki ba. Ki rage hanta da jan nama, shan shayi tare da abinci yana rage ƙarfen da hanji yake ja. Zogale da alayyahu da lemon malt da madara ba za su ƙara miki jini ba, domin ba kayan haɗi ɓargonki ya rasa ba.

Yaya ƙarin jini zai kasance, kuma maigida zai iya ba ni nasa?

Ana son himoglobin ɗinki kada ya sauka ƙasa da 10 kafin kowane ƙari, wato PCV wajen 30, domin ƙarancin jini yana tauye girman jariri. Yawancin mata tazarar ƙarinsu takan ragu. An fi son jajayen ƙwayoyi da aka tace a kan jini ɗungurungum, don kada ruwa ya yi wa zuciya yawa, kuma a daidaita rukunin jini na Rh da Kell bayan A da B da O.

Jinin maigida kuwa kada a sa miki shi, haka na 'yan'uwansa. Ɗan da ke cikinki rabin jininsa irin na ubansa ne. In jikinki ya karɓi jinin uban ya ƙera garkuwar yaƙarsa, ɗan za ta koma wa, a wannan cikin ko na gaba. Jinin iyayenki da 'yan'uwanki na ciki ɗaya ma an fi son a guje shi. Su bayar a ajiye a ma'ajiyar jini a madadin wanda za a sa miki. Abin da ya kamata maigida ya yi shi ne ya haɗa mutane amintattu masu rukunin jininki, abokan kasuwa ko na masallaci ko na wurin aiki, ya riƙe lambobinsu. Namiji lafiyayye yana iya bayarwa duk bayan wata 3, don haka mutum biyu ko uku ba za su ɗauki cikin wata tara ba. A kuma tuna da watan azumi, lokacin da masu bayarwa suke raguwa.

Maleriya fa?

Gidan sauro kowane dare, ba fashi, musamman daga saukar damina zuwa kaka. Akwai wani abu da ya kamata ki tuna wa likita: Fansidar da ake ba masu ciki daga wata na huɗu ba ta jituwa da folik asid mai miligiram 5, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan adadin yana rage mata ƙarfi. Ke kuwa shi kike sha. Likita ne zai tsara yadda za a raba su ko ya zaɓi wani maganin rigakafin. Duk zazzaɓi a gwada a ranar.

An cire mini saifa tun ina yarinya. Akwai bambanci?

Akwai. Wadda ba ta da saifa ƙwayoyin cuta da maleriya suna saurin kayar da ita, don haka ta ci gaba da fenisilin na kullum, a duba alluran rigakafinta na nimoniya da sanƙarau. Jininta kuma ya fi saurin daskarewa a jijiya. Ana ba ta asfirin ƙarami, miligiram 75, in kuma ƙwayoyin daskarar da jini sun haura 600 a takardar gwaji a haɗa mata da allurar hefarin mai hana jini daskarewa.

Sau nawa zan je asibiti, kuma wace alama ce ba a kwana da ita?

Ki fara awo da zarar kin ga ɓatan wata. Kunyar cikin fari da ke sa a ɓoye har sai ya turo riga ba taki ba ce. Ana hoton farko a sati na 7 zuwa 9, wani a 11 zuwa 14, na duba halittar jariri a 18 zuwa 20, sannan daga sati na 24 a riƙa auna girmansa duk sati 4. Likitan zuciya ya sake ganinki wajen sati na 28, ko kafin nan in akwai dalili.

Ki tafi asibiti ko tsakar dare ne in kika ji zuciya tana fat-fat ko tana tsallake, ko numfashi yana gagara in kin kwanta sai kin tara matasai, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko zazzaɓi, ko ido ya yi rawaya fitsari ya yi duhu kwanaki bayan ƙarin jini, ko motsin jariri ya ragu, ko zubar jini. Kada a ce ai laulayi ne.

Zan iya azumi?

Larura biyu kike ɗauke da su, ciki da ciwo, kuma shari'a ta yi rangwame a kan kowannensu. Ƙishirwar Kano a watannin zafi tana kaurara jini, ga magunguna masu lokaci. Ki tambayi malami hukuncin ramuwa ko ciyarwa.

'Yata ce, cikin fari. A al'ada gida za ta dawo ta haihu a gabana. Dole sai an yi mata aiki?

Hajiya, ta dawo gida goyon ciki ba laifi, amma haihuwar a asibiti za a yi ta, kuma asibitin da ya haɗa ma'ajiyar jini da likitan jini da na zuciya da ɗakin jarirai, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ungozoma komai ƙwarewarta ba ta da ledar jini a ɗaki. Talasimiya ita kaɗai ba ta wajabta tiyata, da yawa suna haihuwa da kansu. Sai dai ana yawan yi musu aikin saboda wasunsu ba su da tsawo, ƙugunsu ƙarami ne. A tanadi jinin da ya dace da ita tun kafin naƙuda, in tana da ƙwayoyin garkuwar nan a ba ma'ajiyar jini kwanaki tana nema. Lokacin naƙuda ana sa mata Desferal giram 2 ta jijiya cikin awa 24 don kare zuciya, ana bin bugun zuciyar jariri, da ya fito kuma a yi allurar da ke taimaka wa mabiyiya ta faɗo da wuri don rage zubar jini. In aiki ya kama, an fi son allurar baya a kan sa barci, kuma yana da kyau mai ba da maganin ya gan ta tun tana wata bakwai ko takwas ya duba ƙashin bayanta da muƙamuƙinta.

Wankan jego da kunun kanwa fa? Kuma za ta shayar?

Za ta shayar, ana ma ƙarfafa mata gwiwa. Desferal tana fita a nono kaɗan, amma hanjin jariri ba ya ɗaukarta, don haka ana komawa kanta nan da nan bayan haihuwa. Magungunan fitar da ƙarfe waɗanda ake sha su jira sai an yaye. Wannan komawar kada a yi mata wasa: wata tara ƙarfe yana taruwa, hidimar jariri kuma takan sa uwa ta manta da kanta. Allurar hefarin tana ci gaba kwana 7 bayan sallama ga wadda ta haihu da kanta, sati 6 ga wadda aka yi wa aiki, domin a jego jini ya fi daskarewa.

Kunun kanwa a bar shi. Kanwa gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka yi rubutu a kan yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa. Zuciyar da ta fito daga ciki ba maganin fitar da ƙarfe ba ta bukatar ƙarin ruwa. A dama mata kunu ba kanwa, a yi wanka da ruwa mai ɗumi maimakon tafasasshe, a bar kwanciya a kan gadon wuta. Kumburin ƙafa da haki da tarin dare a cikin kwana arba'in ba sanyin jego ba ne, asibiti za a kai ta.

Yaushe za a iya neman wani cikin?

Sai an sake auna feritin da hanta da zuciya an ga sun koma inda suke kafin na farko, wanda yakan ɗauki watanni masu yawa ana magani ba fashi. Kafin nan a yi tazarar haihuwa, kuma a zaɓi hanyar tun kafin a bar asibiti, don shayarwa ba ta hana ciki ga kowa. Wadda aka cire wa saifa ko ta taɓa samun daskarewar jini, ƙwayoyin da ke da sinadarin istirojin ba su dace da ita ba, akwai wasu hanyoyin da likita zai nuna mata. Jaririn kuma a kai shi a gwada jininsa, a rubuta sakamakon a katinsa na rigakafi, a ajiye tare da takardar gwajin mahaifinsa.